Dan Allah a daina zubar da tsohon kube

Assalamu alaikum jama'a. Masu bibiyata sun san a Makasar nake zaune, can kudancin tsibirin Sulawesi a ƙasar Indunusiya, kuma sun san abun da ya fi ɗauke mun hankali a garin nan shi ne tsofaffin wuƙaƙen mutanen Bugis, ina saya ina tarawa daidai ƙarfina. Yau kan kubensu nake so in yi magana, don akwai wata ɗabi'a da ta kama dillalai wadda wallahi take ci mun rai, mutum zai samo wuƙar da ta haura shekara ɗari a hannun wani tsoho a ƙauye, da ya ga kuben ya tsage ko gindin ya fita sai ya jefar da shi ya kai a sassaƙo mishi sabo, a shafe shi da banish yana ta ƙyalli, wai don kaya su yi kyan gani a hoto. Toh ai ka zubar da rabin tarihin wuƙar ke nan, kuma babu inda za ka sake samo shi.

Bari in fara da ita wuƙar don waɗanda ba su santa ba. Sunan da aka fi saninta da shi badik, su Bugis kuma a yarensu kawali suke ce mata. Gajera ce, yawanci ruwanta tsakanin santimita 20 zuwa 30, kaifi gefe ɗaya, tsini mai kyau, ƙotar kuma a lanƙwashe take yanda in ka riƙe tsinin yana kallon gaba kai tsaye, da ganin ƙirar ka san don suka aka yi ta. Ta Bugis ta fi siranta, akwai irin da suke kira gecong, ta maƙwabtansu mutanen Makasar kuma akwai lompo battang mai faɗin ciki. Sai kuma keris, wadda Bugis ke kira tappi, ita kaifi biyu gare ta, wata miƙaƙƙiya wata mai lanƙwashe-lanƙwashe, kuma adadin lanƙwasar kullum mara ne, uku, biyar, bakwai, haka. A 2005 UNESCO ta saka keris ɗin Indunusiya cikin manyan kayan gadon ɗan Adam.

A wurin mutanen nan kawali ba kayan tsiya ba ce kaman yanda baƙo zai iya zata. Uba ne yake bai wa ɗansa in ya isa mutum, ango yana soka keris a ƙugu ranar aure, kuma duk abun yana ɗaure ne da abun da suke kira siri, wato mutunci da kunyar da mutum ba ya yarda a taka mishi. Suna da wata koyarwa ta tsini uku da ake cewa ɗan Bugis yana tafiya da su in ya bar gida, na farko tsinin harshe, wato a zauna a sasanta da magana, in bai yiwu ba a ƙulla zumunci ta hanyar auratayya, sai in duka sun gagara sannan a zo kan tsinin wuƙa. Ni wannan jerin yana burge ni ƙwarai, wuƙar ce ta ƙarshe. Kuma su mutane ne matafiya, 'yan teku, musamman bayan yaƙin Makasar da Arung Palakka na masarautar Bone ya haɗa kai da kamfanin Turawan Holan suka yaƙi Sultan Hasanuddin na masarautar Gowa har aka yi yarjejeniyar Bongaya a 1667, Bugis da yawa sun bazu zuwa yankin Malay, har sarautar Selangor ta Maleshiya ma zuri'arsu ce ta kafa ta a 1766. Shi ya sa za ka ga keris mai ƙirar Bugis a Johor ko Riyau ko Sumbawa, kuma sau da yawa kuben ne yake gaya maka daga wane yanki ta fito, ruwan wuƙar shi kaɗai ba lallai ya faɗa maka ba.

Abun da yake sa mai tarawa ya rasa barci shi ne pamor, zanen nan da yake fitowa a jikin ƙarfen kaman ruwa yana gudana. Ba zana shi ake yi ba, maƙeri ne yake haɗa baƙin ƙarfe da wani ƙarfen mai sinadarin nikel, ya yi ta ninkawa yana bugawa a wuta har su zama falle-falle, in aka wanke sai mai nikel ɗin ya fito fari ɗayan ya yi duhu. Ƙarfen yankin Luwu na nan Sulawesi, wanda ake haƙowa a kewayen tafkin Matano, shi ne ya yi suna tun ɗaruruwan shekaru har tsibirin Jawa ana kai shi saboda wannan, kuma har yau nikel ake haƙa a Sorowako da ke bakin tafkin. Maƙera kuwa, panre bessi a yarensu, har yanzu suna nan suna aiki, garin Massepe a Sidrap ya shahara da su. Akwai camfe-camfe da yawa a kan zanen, wannan na kawo arziki ne, wancan na kariya ne, wasu ma har auna tsawon ruwan suke yi da babban yatsa don su ga ko wuƙar ta dace da mai ita. Ni dai Musulmi ne, su ma Bugis ɗin Musulmi ne tun farkon ƙarni na 17, Luwu da Gowa sun karɓi addini a 1605 Bone kuma a 1611, kuma da yawansu za su ce maka ƙarfe ba ya amfanarwa ba ya cutarwa sai da ikon Allah. Abun da nake gani a pamor gwanintar maƙeri ce da haƙurinsa, wannan kuma ya ishe ni.

Toh mu zo kan kube, wanda suke kira wanua. Mu a gida mun saba kube aikin dukawa ne, fata ce a jeme a ɗinke, in ta mutu a kai wa baduku ya sake wata ba wanda zai damu, amma nan aikin masassaƙi ne, kuma kowane kube wuƙa ɗaya tak aka rarake shi dominta, in ka ɗauko wata ka saka ko dai ta ƙi shiga ko ta dinga kaɗawa a ciki. Na kawali wani lokaci daga itace ɗaya ake rarako shi, wani lokaci falle biyu ne ake haɗawa a ɗaure da zobban azurfa ko tagulla ko rotan, irin sandar nan mai lanƙwasuwa da ake saƙa kujeru da ita, a gindi kuma a sa ƙahon ɓaunar da suke noma da ita. Na keris ya fi wuya, akwai faffaɗan kai mai kama da jirgin ruwa, sai doguwar jikin da aka cusa a cikinsa, sai ɗan murfin gindi. Itacen da aka fi so kemuning ne, rawaya-rawaya mai wani irin sheƙi da yake motsi in ka juya shi a haske, sai cenrana mai ja-ja da ɗan ƙamshi, sai baƙin itacen Sulawesi mai nauyi da Turawa suka daɗe suna saya. Kemuning mai zane sosai daga wajen gindin bishiyar da saiwa ake samunsa, kuma bishiyar ba ta girma da sauri, don haka babban guntun da zai isa kan kuben keris yanzu samunsa sai an sha wuya, wanda ya jefar da tsoho bai san abun da ya jefar ba.

Kuma ga wani abu da dillalan ba sa tunawa ko suna sane suke yi, kuben shi ne shaidar wuƙar. Kasuwar nan cike take da sababbin wuƙaƙen da aka jiƙa a asid ko aka binne a ƙasa don su yi kama da tsofaffi, a haɗa maka da labari mai daɗi wai ta wani basarake ce. Ƙarfe ana iya tsufar da shi cikin sati, amma bakin kuben da wuƙa ta yi shekara tamanin tana shiga tana fita, yanda ya yi santsi daidai inda bayan wuƙar yake gogawa, da duhun da gumin hannu ya bari a gefen da yake manne da jiki, da tsohon man da ya jiƙa cikin katakon har in ka sansana za ka ji, wannan ba a ƙirƙirarsa da sauƙi. Ni in aka miƙo mun wuƙa kuben nake fara dubawa kafin in zare ta, sannan in duba bayan ruwan in ga ko fallen ƙarfen sun ratsa har ciki ko a fuska kawai aka ci zanen da asid.

Gyaran kuma a wurin wani dattijo masassaƙi na koya, mutum ne mai ƙarancin magana, Daeng nake ce mishi kaman yanda ake kiran babba a nan. Bari in ba ku labarin wata kawali da muka yi aikinta tare don ku ga yanda abun yake. Kuben cenrana ne falle biyu, ya buɗe daga baki har kusan tsakiya, zoben rotan ɗaya ya tsinke, ƙahon gindi babu, sannan wani a baya ya tsiyaya sufa gulu a tsagar ya bushe ya yi fari kaman gishiri, ya kuma hana fallen biyu komawa su haɗu. Na ce Daeng, wannan zai gyaru kuwa? Ya juya shi a hannu ya daɗe yana kallo, sai ya ce ɗana, katakon lafiyarsa ƙalau, gam ɗin ne ciwon.

Cire wannan gam ɗin shi ya fi komai cin lokaci. Asiton muka yi amfani da shi, ruwan nan da ake goge fentin farce, ana ɗiga shi da tsinke mai auduga a kan gam ɗin kawai, don in ya malala zai cinye tsohon sheƙin katakon, in ya yi laushi sai a kankare da tsinken gora da aka fiƙe, ba da wuƙa ba, a sake ɗigawa a sake kankarewa. Da fallen suka rabu sai ga cikin kuben, baƙi ƙirin da tsohon mai da ƙurar tsatsa, ga sawun kurfin wanda ya rarake shi tun asali layi-layi, har inda hannunsa ya ɗan zame ya gyara ana gani. Wallahi na daɗe ina kallon wurin nan. Burushi mai laushi kawai muka sa muka share ƙurar, ba mu wanke ba ba mu goge da samfefa ba, gefen da gam zai kama ne kaɗai aka tsabtace don mai ba ya barin gam ya riƙe.

Gam ɗin da ya kamata shi ne na fata, irin wanda ake jiƙawa a narkar a ruwan ɗumi, dalili kuwa in wani ya zo bayanka yana so ya sake buɗewa ɗumi da danshi kawai zai sa ya saki ba tare da katako ya karye ba, shi kuwa sufa gulu da gam mai haɗi biyun nan in sun kama sai dai su tafi da naman katakon. A shafa kaɗan, kar ya tsiyaya ciki, a haɗa, sannan a naɗe da robar tsohon tub ɗin keke da aka yanka siri-siri, ita tana matsewa ko'ina daidai kuma ba ta barin tabo kaman maɗaurin ƙarfe. Kafin gam ya kama sai a zura wuƙar a hankali a tabbatar ramin bai matse ba, a zare ta nan take a goge, kuma kar a kuskura a bar ta a ciki yana bushewa, danshin gam tsatsa ne kai tsaye. Bayan an kwance robar ma a bar kuben ya sha iska sosai kafin wuƙa ta koma gidanta.

Akwai wani ɗan wuri a baki da katakon ya ɓalle ya ɓace, nan Daeng ya ɗauko wani guntun tsohon cenrana daga cikin tarkacen da yake ajiyewa, ya yi ta juya shi har ya samu inda jijiyar katakon ta bi hanya ɗaya da ta kuben, ya fere shi ya dasa. Na tambaye shi ko za mu rina shi ya ɓace gaba ɗaya, ya ce a'a, daga nesa kar a gani, daga kusa kuma a gani, don kar a yaudari wanda zai gaje ta. Wannan maganar ita nake bi har yau. Gindin kuma ƙahon ɓauna ya yanka ya ɗan gasa ya daidaita, rotan ɗin ya jiƙa shi ya yi laushi ya saƙa zoben irin saƙar sauran da suka rage, in ya bushe da kansa yake ƙara matsewa. Ƙarshe kakin zuma kaɗan a tsumma, a murza da tafin hannu, shi ke nan. Babu banish. Banish ɗin gwangwanin nan na zamani yana rufe katako kaman an sa mishi leda, sheƙin kemuning ma kashe shi yake yi.

Ƙwari masu huda katako su ma suna nan, in ka ga ƙananan ramuka kaman na allura kuma gari yana zubowa toh suna ciki da ransu. Kar a fesa maganin sauro. Zare wuƙar, saka kuben a leda ka fitar da iska ka ɗaure tam, ka sa a firiza mai sanyi sosai kaman sati guda ko fiye, in ka fitar kar ka buɗe ledar sai ya dawo daidai zafin ɗaki don raɓar ta tsaya a bayan leda, haka gidajen tarihi suke yi. Amma in akwai hauren giwa ko wani ado mai rauni a jiki ni ba na sakawa. Ƙota kuma in tana girgiza, ta kawali galibi da wani ƙaro na bishiya da suke kira damar ake kafa ta, ɗumi kaɗan yake so ya yi laushi a gyara zamanta, ta keris kuwa zare ko tsumma ake naɗawa a wutsiyar ƙarfen a murɗa ta ta zauna, ba a sa mata gam sam.

Ruwan wuƙar ba zan tsawaita ba. Lemun tsami ko ruwan kwakwa suna cire tsatsa a hankali, a wanke, a bi da ɗan bekin soda don kashe tsamin, a busar sosai, a shafa mai marar nauyi irin na keken ɗinki, wasu suna ɗiga man sandal don ƙamshi. A Jawa suna fito da zanen da wani haɗi da ake kira warangan, akwai gubar arsenik a ciki, wannan a bar wa masu sana'ar. Giranda kuwa ko samfefa mai kaushi, wanda ya kai su jikin tsohuwar kawali ya gama da ita. In kana son ganin yanda masu abun suke girmama shi ka je Watampone, babban garin Bone, a watan Afrilu lokacin bikin tunawa da kafuwar Bone, akwai al'adar da suke kira mattompang arajang, ana fito da kayan sarauta a wanke su a gaban jama'a, har da takobin Arung Palakka mai suna La Tea Riduni da keris ɗin La Makkawa. A nan Makasar kuma gidan tarihin La Galigo da ke cikin ganuwar Fort Rotterdam yana da nasa da za ka tsaya ka kalla.

Ban ce ba a taɓa yin sabon kube ba fa. Su kansu Bugis tun da can suna sake wa wuƙa kube in na farko ya mutu, akwai ruwan da ya ga kube uku ko huɗu a rayuwarsa, kuma masassaƙan yanzu ma suna buƙatar aiki, wasunsu hannunsu ya kai na kakanninsu. In ƙwari sun cinye katako har yana marmashewa a hannu, ko tsinin ya huda gindi yana iya yankar mutum, toh a yi sabo, amma a yi shi da ƙirar yankin da wuƙar ta fito, kar a ɗora wa kawalin Luwu kube irin na Jawa, sannan tsohon a naɗe shi a ajiye tare da ita, a rubuta a 'yar takarda inda aka samo ta da abun da aka gyara da shekarar da aka yi. Duk wuƙar da take hannuna tana da irin wannan takardar.

Wasu 'yan uwa daga gida suna turo mun saƙo wai in sayo musu in aiko. Ku yi haƙuri, abun ba haka yake ba. Indunusiya tana da dokar kayan tarihi ta 2010 wadda ta shafi abubuwan da suka kai shekara 50 kuma suke da muhimmancin tarihi, irin waɗannan ba a fitar da su daga ƙasar sai da izinin hukuma, sannan tun 1951 doka ta hana yawo da makami mai kaifi, duk da ta ware kayan gado da na tarihi. Mai ƙotar hauren giwa kuwa kar ma a fara, cinikinsa tsakanin ƙasashe a haramce yake. Sabuwar ƙira ta maƙeran yanzu ita ce mai sauƙi, kuma ka taimaki mai sana'a, ita ma sai ka bincika ƙa'idar jirgi da ta kwastan ɗin inda za ta sauka. In kuma Allah ya sa ta iso hannunka a Kano ko Zinder toh ka san katakon nan a ƙasa mai laima ya girma aka kuma sassaƙa shi, hunturunmu kuwa danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kube zai ƙanƙance ya matse wuƙar ko ya tsage dare ɗaya. Tun kafin iskar ta fara ka shafa mishi kakin zuma, ka zare wuƙar ka ajiye ta daban a naɗe da tsumma mai ɗan mai, kuben kuma ka sa shi cikin akwati mai rufi a ɗakin da rana ba ta dukansa, kar ka rataye shi a bango kusa da taga, sai damina ta kawo jiki ka mayar da ita ciki.